Abin da Ke Kashe Tumatir a Tsaye

Cutar yaushi tana kashe tumatir yana kore shar, kuma ta fi faɗa masa a daidai lokacin da ya fara huda ko ya ɗaura 'ya'ya. Da hantsi a ga shuka lafiya lau, da azahar ganyen sama ya langaɓe, da dare ya miƙe. Bayan kwana biyu ko uku sai ya daina miƙewa, kafin mako ya zagayo gindin ya mutu, ganyensa ko rawaya bai yi ba. Daga nan sai na kusa da shi ya bi sahu. Yawancin masu lambu idan suka ga haka abu biyu suke yi: su ƙara ruwa, ko su nufi shagon magani su sayo na feshi. Na farko yaɗa cutar yake yi, na biyu kuwa asarar kuɗi ne, domin abin da ke kashe shukar yana cikin ƙasa da cikin karanta, inda feshi ba ya kaiwa.

Ƙasar Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa tana cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Jihar Katsina. Shi ya sa masara, dawa, auduga da shinkafa suke yi sosai, kuma fadamu suke riƙe danshi har cikin rani. Wannan ni'ima kuwa ita ce abin da ƙwayoyin cutar yaushi suke so, wato zafi da laima a haɗe. Tumatirin da aka dasa da sanyin hunturu yakan tsira, amma na damina da wanda ya kai cikin zafin Maris da Afrilu ana ta kwarara masa ruwa, su ne suka fi shan wahala. Akwai kuma wani dalili na wannan zamani. Rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, sai aka koma ga 'yar kadadar bakin gari, bayan gida da tsakar gida. Wuri ɗaya ake nomawa bana da baɗi, tumatir a kan tumatir, attaruhu a kan tattasai. Babu abin da ke tara cuta a ƙasa kamar wannan.

Babbar mai laifi ita ce ƙwayar bakteriya da masana ke kira Ralstonia solanacearum. Wani masanin cututtukan tsirrai na Amurka, Erwin Smith, shi ya fara bayyana ta a 1896, kuma zuwa yau an same ta a jikin tsirrai sama da iri 200. Tana zaune a cikin ƙasa da ruwa, tana shiga shuka ta duk inda saiwa ta sami rauni: inda ta tsinke wajen cire dashe, inda fartanya ta sare ta wajen noma, inda tsutsar ƙasa ta huda ta, har ma inda sabuwar saiwa ta fasa tsohuwa ta fito. Da ta shiga sai ta zarce cikin siraran jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye, ta hayayyafa a can, tana fitar da wani abu mai yauƙi har ya toshe hanya. Kamar tiyon ban ruwa ne da taɓo ya cika: inji yana aiki, ruwa na nan a rijiya, amma ba ya isa fangali. Shi ya sa ake ganin tumatir yana mutuwar ƙishirwa alhali gindinsa jagab yake da ruwa. Ƙwayar ta fi ƙarfi idan zafi ya kai digiri 30 zuwa 35, kuma takan yi laushi idan ƙasa ta yi sanyi ko ta bushe.

Ana iya gane ta a gida ba tare da na'ura ba. A tuge gindin da ya yi yaushi amma bai bushe ba, a wanke ƙasar da ke jikinsa, a yanko guntun kara kamar tsawon ɗan yatsa daga can ƙasa kusa da saiwa, da reza ko wuƙa mai kaifi. A sami kofin gilashi mai haske a cika shi da ruwa mai tsabta, a bar ruwan ya natsa. Sai a rataya guntun karan da tsinke ko waya, bakin yankan ya nutse kaɗan cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofi ba. Kada a girgiza, kada a matsa. Idan Ralstonia ce, cikin 'yan mintoci za a ga wani farin abu yana zubowa daga bakin yankan, zare-zare, yana sauka a hankali, har daga baya ruwan ya yi gurɓin madara. Ɗaga kofin zuwa wajen haske, ko sa baƙin ƙyalle a bayansa, yana sa a gani sosai. Wannan farin abu miliyoyin ƙwayoyin cutar ne. Idan aka tsaga karan a tsaye kuma, za a ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa maimakon fari-fari kore, wani lokaci kuma ƙananan saiwoyi sun ɓullo a jikinsa sama da ƙasa, alamar shukar tana neman wata hanyar shan ruwa. Ruwan gwajin ba a zubar da shi a lambu, a kai shi masai.

Idan ruwan ya tsaya garau, to a duba wani wuri. Akwai yaushin da wata ƙwaya dangin fumfuna ke kawowa, mai suna Fusarium. Ita ba ta da gaggawa. Daga ganyen ƙasa take farawa, ya yi rawaya, sau da yawa gefe ɗaya na shukar ko ma gefe ɗaya na reshe, ɗaya gefen yana kore. Tana iya ɗaukar makonni kafin ta gama da gindi. Cikin karan shi ma yakan yi ruwan ƙasa, amma ba ya fitar da farin zare a ruwa. Ta fi son ƙasa mai rairayi da tsami, kuma tana iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa ko da babu tumatir a wurin. Wata fumfunar kuma wuyan shuka take kamawa, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa: za a ga farar saƙa ta lulluɓe wurin, da wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da ba su kai ƙwayar gero ba. Sai kuma tsutsar da ido ba ya gani, wadda masana ke kira nematod. Alamarta a saiwa take: idan aka tuge gindi aka ga saiwoyin sun yi ƙulu-ƙulu sun kumbura, ita ce. Ita kaɗai tana tsumburar da tumatir, amma babban sharrinta shi ne ƙofofin da take buɗe wa Ralstonia da Fusarium. Lambun da ke da ita, ko iri mai jure cuta aka shuka sai ya gaza.

Ba kowane yaushi ne cuta ba, kuma yana da kyau a kawar da wannan shakka tun farko. Tumatir yakan langaɓe da tsakar rana a bazara don zafi kawai, ya farfaɗo da la'asar. Ruwa idan ya kwanta a gindinsa kwana biyu, saiwa ta rasa iska, shi ma yaushi yake yi. Gara tana cin saiwa, takin zamani da aka zuba dab da kara yana ƙona ta. Sannan akwai sharon, tsutsar nan ta Tuta absoluta da ta yi wa manoman Kano, Kaduna da Katsina ɓarna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun daga shekarar wasu ke ɗora mata laifin duk abin da ya sami lambu. Ita kuwa aikinta a bayyane yake: tana cin cikin ganye ta bar fatarsa fara, tana huda 'ya'ya. Ƙwaro ce, maganin ƙwari ya shafe ta. Bai shafi cutar yaushi ba ko kaɗan.

Bakteriya ba a saiwa kaɗai ta tsaya ba. Akwai masu kama ganye da 'ya'ya, kuma su damina ce kasuwarsu. Wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi ita ce ta dangin Xanthomonas, mai sa ƙananan ɗigo baƙaƙe a ganye, da farko kamar an ɗiga mai, daga baya su bushe, ganyen ya yi rawaya ya zube. A jikin ɗanyen tumatir takan bar tabo mai kaushi da ke karya farashinsa a kasuwa. Tana kama tattasai da attaruhu ma. Ruwan sama mai iska ne ke fantsama ta daga shuka zuwa shuka, sai hannun mutum da tufafinsa idan ya ratsa lambu ganye na jiƙe. A lokacin marka, cikin Agusta, tana iya game lambu cikin 'yan kwanaki. Wata kuma ita ce Clavibacter, wadda aka fara ganowa a jihar Mishigan ta Amurka a farkon ƙarni na 20. Ita gefen ganye take ƙonawa ya naɗe sama, kara ya tsage, a jikin 'ya'ya kuma ta bar ɗan tabo mai farin zobe kewaye da shi. Waɗannan biyun abin da ya haɗa su shi ne iri: cikin ƙwayar iri suke tafiya daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara.

Saboda haka aikin kariya daga iri yake farawa. Mai ajiye irinsa ya zaɓa daga gindin da ba shi da tabo ko ɗaya, ba daga ragowar kwandon da ya ƙi sayuwa ba, wanda shi ne abin da aka fi yi. A matse 'ya'yan tare da ruwansu a cikin kwano, a bar su kwana 3 zuwa 4 ana motsawa har su yi tsami, sannan a wanke a shanya a inuwa. Tsamin yana rage ƙwayoyin da ke jikin fatar iri. Na cikin ƙwayar kuwa sai ruwan zafi: a ƙulle iri a ƙyalle, a tsoma a ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, a tsamo a sa a ruwan sanyi, a shanya. Wannan sai da ma'aunin zafi. Wanda ba shi da shi ya haƙura, don zafin idan ya gota kaɗan iri ne zai mutu, idan ya gaza kuma cutar ce za ta rayu. Irin gwangwani ko na leda da kamfani ya riga ya shafa wa magani ba a yi masa haka.

Zaɓen iri ma yana da nasa muhimmanci, amma sai an san cutar da ake gudu. Roma VF da aka daɗe ana nomawa a Arewa, harafin F da ke jikin sunansa yana nufin yana jure Fusarium. Bai ce komai a kan Ralstonia ba, kuma tana kashe shi. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ta fitar da HORTITOM1, HORTITOM2 da HORTITOM3 a 2023, waɗanda ke jure Fusarium. Don yaushin bakteriya kuwa, akwai irin kamfanoni kamar Padma, Platinum da Mongal da ake sayarwa da shaidar suna jure ta. Juriya ba tsari ba ce. Idan ƙasa ta cika da cuta, zafi ya yi yawa, nematod na ciki, su ma sukan faɗi, sai dai ba kamar sauran ba. Kuma duk irin da aka rubuta F1 a jikinsa ba a ajiye 'ya'yansa don baɗi, domin ba sa gado yadda ake so.

Wurin renon dashe shi ne inda ƙaramin aiki ke hana babbar asara. Dashe ɗaya mai ɗauke da cuta, wanda a ido lafiyarsa ƙalau, ya isa ya shigar da ita lambun da bai taɓa saninta ba, kuma idan ta shiga ba ta fita da sauƙi. Sayen dashe a kasuwa daga hannun wanda ba a san ƙasarsa ba caca ce. Gara mutum ya reni nasa a ƙasar da aka ɗebo daga gonar hatsi, inda ba a taɓa sa tumatir ko danginsa ba. Al'adar tara kara da yayi a ƙone a kan wurin reno kafin a zuba iri tana da hujja, don zafin yana kashe ƙwayoyin da ke saman ƙasa. Rana ma tana iya yin wannan aiki: a kaftu ƙasa, a jiƙa ta sosai, a shimfiɗa farar leda mai haske a binne gefunanta, a bar ta mako 4 zuwa 6 a tsakiyar bazara. Zafin ba ya nutsawa can ƙasa, don haka dabarar ta wurin reno ce da ɗan ƙaramin fili, ba ta warkar da kadada guda.

A cikin lambu kuwa, ruwa shi ne babbar hanyar cutar. A tsarin ban ruwa da aka saba, ana sakin ruwa ya bi kwata ya cika fangali, a toshe, a buɗe na gaba. Idan fangalin farko yana da cuta, ruwan zai kwashe ta ya raba wa na bayansa, kuma wanda ya lura zai ga mutuwar tana bin hanyar ruwan daki-daki. Maganin wannan shi ne kowane fangali ya sha daga kwata kai tsaye, ba daga ɗan'uwansa ba, wanda ake zargi kuma a ba shi a ƙarshe, a datse shi kada ya malala. Da damina a dasa a kan kunya mai tudu, a yi wa ruwa hanyar fita. Kududdufi ko rafin da ruwan wasu lambuna ke gangarowa cikinsa yana iya ɗauke da cutar. Ruwan rijiya da na burtsatse sun fi aminci. A zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Shimfiɗa ciyawa busasshiya ko ɓuntun shinkafa a ƙarƙashin shuka yana hana ƙasa fantsama, yana sanyaya saiwa, yana kuma rage yawan noma da fartanya, wanda ke nufin raunin saiwa ya ragu. Kafa sanda a ɗaure tumatir ya tashi daga ƙasa yana sa iska ta ratsa ganye ya bushe da wuri.

Idan gindi ya kamu, ba ya tashi. Abin da ya rage shi ne ceton na kusa da shi. A haƙe shi da saiwarsa da ƙasar da ke kewaye, a sa a buhu ko leda nan take, a fitar a ƙone. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tuge a yar a kan kunya, ko a jefa cikin kwata, ko a kai juji, daga baya a kwaso takin jujin a dawo da shi lambu. Kada a maye gurbin da sabon dashe. Fartanya da wuƙar da suka taɓa wurin a wanke musu ƙasa, a tsoma su a ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa. Aron kayan aiki tsakanin maƙwabta abu ne mai kyau, amma taɓon da ke manne a bakin hauya ko tafin takalmi yana iya kai cuta gidan da ba ta.

Canjin shuka shi ne maganin da ya fi tabbata, shi ne kuma ya fi wuya ga mai ƙaramin fili. Wanda ya cire tumatir ya sa attaruhu, tattasai, gauta, yalo ko dankalin Turawa, an gudu ba a tsira ba, domin duk dangi ɗaya ne kuma duk Ralstonia tana cin su. Taba ma haka, wasu nau'o'in ƙwayar kuma har gyaɗa da citta suna kamawa. Abin da ba ta kamawa shi ne masara, dawa, gero, alkama, shinkafa, albasa da tafarnuwa. Shekara 3 zuwa 4 na waɗannan suna rage ta sosai, muddin ana cire ciyayi irin su gautan kaji da zaƙami, waɗanda take fakewa a saiwarsu, da tumatirin da ya tsiro da kansa. Fusarium ta fi haka daɗewa, shi ya sa a kanta zaɓen iri ya fi canjin shuka tasiri. Ruɓaɓɓen takin gargajiya yana ƙara wa ƙasa ƙwayoyi masu amfani da ke gogayya da masu cuta, dakakken 'ya'yan dogon yaro yana rage nematod, toka kaɗan tana rage tsamin ƙasa. Yuriya kuwa idan ta yi yawa, shuka takan yi ganye luf-luf mai taushi wanda cuta ke saurin kamawa.

Wanda ba shi da wurin canji, musamman matan da ke noma a tsakar gida, buhu ya fi masa. A cika buhun taki ko na siminti da ƙasar gonar hatsi da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansa don ruwa ya fita, a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo yadda saiwa ba za ta taɓa ƙasar gidan ba. Idan buhu ɗaya ya kamu, shi kaɗai za a fitar. Akwai kuma dabarar da manoman Asiya suka rungume, wato aurar da tumatir kamar yadda ake yi wa mangwaro. Cibiyar kayan lambu ta duniya da ke Taiwan, wadda aka kafa a 1971, ta yaɗa amfani da gindin tumatir mai suna Hawaii 7996 da na yalo mai suna EG203: a yanke kan tumatirin da ake so yana ɗan ƙarami, a haɗa shi da gindin da ke jure cuta, a ajiye a inuwa mai laima kamar mako guda har su kama juna. Gindin yalo yana da ƙarin amfani, don yana jure kwanciyar ruwa.

Feshi yana da gurbinsa, amma ɗan kaɗan ne. Maganin da ke da sinadarin tagulla, wanda ake rubuta Copper a jikin ledarsa, musamman idan an haɗa shi da Mancozeb, yana rage yaɗuwar ɗigon ganye idan an fara da wuri kuma ana maimaitawa bayan ruwan sama. Kare ganyen da bai kamu ba yake yi, ba ya goge tabon da ya riga ya fito. A bi ma'aunin da ke rubuce, a rufe hanci da hannu, a kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin a tsinki 'ya'ya. A kan yaushin bakteriya da na Fusarium kuwa, babu wani maganin feshi a shago da ke tayar da gindin da ya kamu, ko me mai shago zai faɗa. Kafson mutane ko na dabbobi ma ba a yi shi don gona ba.

Wannan yanki na Katsina ba baƙon malaman gona ba ne. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya haɗa da ƙasar Faskari da Ƙanƙara, kuma hukumar KTARDA ce ke riƙe da aikin wayar da kan manoma a jihar yanzu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru tana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Duk wanda abin ya shige wa duhu, ya kai wa malamin gona gindi guda cikakke, da saiwarsa da ɗan ƙasar jikinsa, a ƙulle a leda, a ranar da aka tuge shi, tare da bayanin abin da aka noma a wurin bara da inda ruwan ban ruwa yake fitowa. A zaɓi wanda ya fara yaushi yana da sauran rai, domin gindin da ya bushe ƙurmus ba ya nuna abin da ya kashe shi.